Kwamfuta da Ƙuri'a: Shin Lissafi Yana Buƙatar Sa'a?

A farkon watan Mayun 2011, mutum kimanin 22,000 a sassan duniya suka buɗe shafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka suka tarar da albishir: sunansu ya fito a ƙuri'ar bizar zama ƙasar, wadda aka saba yi duk shekara. Kusan mutum miliyan 15 ne suka shiga wancan zagaye, kuma Najeriya da Gana suna cikin ƙasashen da suka fi yawan masu nema. Ba a cika mako biyu ba murna ta koma ciki. Ranar 13 ga watan, ma'aikatar ta soke sakamakon baki ɗaya. Doka ta ce zaɓen ya zama na ƙuri'a tsantsa, kowa da kowa a kan layi ɗaya. Da aka duba sai aka ga fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda na'ura ta zaɓa, duk masu rajistar kwana biyun farko ne, alhali wata guda aka yi ana rajista. Wasu suka garzaya kotu, ba su yi nasara ba. A watan Yuli aka sake ƙuri'ar.

Babu wanda aka kama da cin hanci a wannan lamari. Kuskure ne a manhaja, kuma na'urar abin da aka rubuta mata shi ta bi. Haka aka ƙera kwamfuta tun asali: ka ba ta abu iri ɗaya sau dubu, ta maido maka amsa iri ɗaya sau dubu. Ba ta san canki-canka ba. Amma duk da haka, wayar da ke aljihunka ba ta yin awa guda ba ta nemi lambobin ƙuri'a ba, wato lambobin da babu mai iya faɗin su kafin su fito. Tana nemansu idan za ta shiga manhajar banki, tana nemansu idan za ta aika saƙo ta WhatsApp, tana nemansu ko da hawa intanet kawai za ta yi.

Daga ina take samo su? Kuma wajibi ne a yi amfani da su, ko kuwa raunin iliminmu ne ya sa muke fakewa da su? Tambaya ta biyun ta cinye wa manyan masana lissafi kusan shekara hamsin.

Mara lafiya da karta

A shekarar 1946, Stanislaw Ulam, masanin lissafi ɗan asalin Folan da ya yi aiki a cibiyar makaman nukiliya ta Los Alamos, yana jinya yana rage lokaci da wasan karta na mutum ɗaya. Sai ya so ya san sau nawa cikin ɗari ake cin wasan. Ya gwada lissafawa da alƙalami, hanyoyin da karta 52 za ta iya jeruwa suka fi ƙarfin kowane alƙalami. Sai tunani ya zo masa: me zai hana a cakuɗa kartar a buga wasan sau ɗari, a ƙirga sau nawa aka ci? Amsar ba za ta zama daidai cif ba, amma za ta yi kusa, kuma duk yadda aka ƙara yawan bugu haka take ƙara matsowa.

Ya kai wa wani masanin lissafi, John von Neumann, maganar, shi kuwa nan take ya ga amfaninta wajen lissafin yadda ƙwayoyin niyutiron ke yawo cikin makamashin nukiliya. Abokin aikinsu Nicholas Metropolis ya raɗa wa dabarar suna Monte Carlo, sunan gidan cacar nan na Monako. A 1948 aka fara gudanar da ita a kan ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko a duniya.

To amma dabarar tana cin lambobin ƙuri'a kamar wutar daji. Von Neumann ya ƙirƙiro hanyar samar da su ta lissafi. Ɗauki lamba mai gida huɗu, a ce 5731. Ninka ta da kanta, ka samu 32844361. Ciro huɗun tsakiya, 8443. Ninka ita ma da kanta ka ciro tsakiya, 2842. Haka za ka yi ta tafiya, lambobin suna fitowa kamar ba su da alaƙa da juna. Sai dai gwada farawa da 3792: za ka samu 14379264, tsakiyarta kuma 3792 ce. Ka maƙale ke nan har abada. Von Neumann ya san da wannan rauni. Shi da kansa ya faɗa a 1951 cewa duk mai neman samo lambobin ƙuri'a ta hanyar lissafi yana cikin zunubi, kuma ya ci gaba da amfani da hanyar domin tana da sauri.

Masu neman na gaskiya kuwa sai suka koma ga na'ura mai hayaniyar lantarki. Kamfanin RAND ya tara lambobi miliyan ɗaya ta wannan hanya, ya buga su littafi a 1955, shafi bayan shafi babu komai sai lambobi. Masana suka yi ta saye. Waɗanda suka dogara da na lissafi kuma wasu sun sha kunya: wata hanya mai suna RANDU da ta yaɗu a kwamfutocin IBM a shekarun 1960, idan aka ɗauki lambobinta uku-uku aka zana su a sarari, sai a ga duk sun kwanta a kan shimfiɗu 15 kacal. Bincike da yawa na wancan zamani a kanta aka gina shi.

Soka buhu

Wanda ya taɓa ganin cinikin hatsi a kasuwar Dawanau ya riga ya san zuciyar wannan ilimi. Mai saye ba ya zazzage buhu ɗari ya duba ƙwaya ɗaya-ɗaya. Ƙarfe yake sokawa a wannan buhu ta gefe, a wancan ta gindi, ya murza abin da ya fito a tafin hannu. Idan rabin kayan tsakuwa ne, da wuya ya soka sau goma bai ci karo da ita ba. Bai tabbatar ɗari bisa ɗari ba, amma ya rage aikin kwana uku zuwa na minti goma.

A shekarun 1970 masana kwamfuta suka gano cewa akwai matsalolin lissafi tsantsa, waɗanda babu sa'a ko kaɗan a cikin yanayinsu, da ke warwaruwa ta wannan hanya. Mafi shahara ita ce ta lambobi gagara-raba, irin su 7 da 13 da 101, waɗanda babu lambar da ke raba su ba saura sai ɗaya da su kansu. Tsarin kulle saƙo na RSA, wanda aka ƙirƙiro a 1977, yana buƙatar irin waɗannan lambobi guda biyu, kuma a yau kowace takan kai gida 300. Yaya za a gane lamba mai wannan tsawo gagara-raba ce? Idan aka ce a gwada raba ta da lambobin ƙasa da ita ɗaya bayan ɗaya, duniya za ta tashi ba a gama ba.

Robert Solovay da Volker Strassen suka kawo mafita a 1977, Michael Rabin kuma ya kawo wadda ta fi ta a 1980, bisa aikin Gary Miller na 1976. Ana ɗauko wata lamba ta ƙuri'a a kira ta shaida, a yi wani ɗan gajeren lissafi da ita. Idan babbar lambar tana rabuwa, aƙalla uku cikin kowane shaidu huɗu za su tona mata asiri. Idan gagara-raba ce, babu shaidar da za ta yi mata ƙage. Saboda haka shaida ɗaya na iya kuskure sau ɗaya cikin huɗu, amma a ce shaidu 40 a jere duk sun kuskure, wannan bai kai sau ɗaya cikin lamba mai sifili 24 ba. Haɗarin ita kanta na'urar ta samu tangarɗa tana tsakiyar lissafi ya fi wannan girma nesa ba kusa ba.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Dabarun ƙuri'a suka yi ta fitowa, gajeru, masu sauri, masu sauƙin rubutawa, a wuraren da babu wanda ya san hanya tabbatacciya mai sauri. Masana suka raba matsaloli gida biyu: waɗanda ke warwaruwa da sauri ba tare da ƙuri'a ba, suka kira su P, da waɗanda ke warwaruwa da sauri idan an yarda a yi ƙuri'a, suka kira su BPP. A lokacin, da yawa sun ɗauka gida na biyu ya fi na farko faɗi, wato kwamfuta mai jefa kwabo ta fi wadda ba ta jefawa ƙarfi.

Wa ke kallon kwabon?

Sai aka sake tambayar ta wata fuska. A 1982 Manuel Blum da Silvio Micali, da kuma Andrew Yao, suka daina neman sanin ko jerin lambobi na ƙuri'a ne a kan kansa. Suka koma tambayar wa ke kallonsa, kuma ƙarfin lissafinsa nawa ne.

Avi Wigderson, haifaffen Haifa da ke cibiyar zurfafa bincike ta Princeton, yakan bayyana wannan da jefa kwabo. Na jefa sama, ka faɗi fuskar da zai faɗo kafin ya taɓa ƙasa: rabi da rabi ne. Na sake jefawa kana riƙe da ƙaramar kwamfuta: har yanzu rabi da rabi, domin ba za ka gama danne-danne ba ya faɗo. Amma a kewaye ɗakin da kyamarori masu sauri, a haɗa su da babbar kwamfuta mai auna ƙarfin yatsa da juyin kwabon, sai a faɗi amsa tun yana sama. Kwabon bai canza ba, jifar ba ta canza ba. Mai kallo ne ya canza. (Kwabon ma bai kai yadda muke zato adalci ba. A 2007 Persi Diaconis da abokan aikinsa suka lissafa cewa ya fi son faɗowa a fuskar da ya tashi da ita, wajen kashi 51 cikin ɗari, kuma a 2023 wasu masu bincike suka jefa sau 350,757 suka samu kashi 50.8.)

Idan haka ne, to ita dabarar lissafi mai cin lambobin ƙuri'a ai mai kallo ce, kuma mai kallo mai gaggawa, domin sharaɗinta shi ne ta gama da wuri. In dai za a iya haɗa lambobin bogi da ba za ta iya bambanta su da na gaske a ɗan lokacin da take da shi ba, za ta yi aikinta daidai ba ta san an yaudare ta ba.

Da me za a haɗa su? Amsar da Noam Nisan da Wigderson suka bayar a 1988 ita ce, a ganina, mafi kyawun tunani a duk wannan fage. Da wahala za a haɗa su. Nemo matsalar da ke da wuyar gaske, wadda mai gaggawa ba zai iya warware ta ba. Amsoshinta a wurinsa duhu ne, bai san ko "i" za ta fito ko "a'a" ba, daidai da jefa kwabo. Sai ka jera masa waɗannan amsoshi a matsayin ƙuri'a. A 1997 Russell Impagliazzo da Wigderson suka kai maganar ƙarshenta: in dai akwai matsala a wani rukuni sananne wadda wuyarta ta kai wani mizani, kuma kusan duk masana sun yi imani akwai, to P da BPP abu ɗaya ne. Duk abin da ƙuri'a ke yi da sauri, ana iya yin sa da sauri babu ita.

A lura da sarƙar da ke nan. Ko dai matsalolin da muke ganin suna da wuya a ɓoye suna da sauƙi, ko kuwa ƙuri'a ba ta ƙara wa kwamfuta ƙarfi na a-zo-a-gani. Ba za a rasa ɗaya ba. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa Wigderson ya samu kyautar Turing ta 2023, bayan kyautar Abel da ya raba da László Lovász a 2021.

Ana cikin haka sai misalan da ake tinƙaho da su suka fara zubewa. A watan Agustan 2002, Manindra Agrawal na cibiyar fasaha ta Kanpur a Indiya, tare da ɗalibansa biyu da ba su daɗe da gama digirin farko ba, Neeraj Kayal da Nitin Saxena, suka fito da hanyar gane lamba gagara-raba da sauri, babu ƙuri'a, babu kuskure, a takarda 'yar shafuka kaɗan. A 2004 Omer Reingold ya nuna yadda za a gano ko akwai hanya tsakanin wurare biyu a cikin sarƙaƙƙiyar taswira da ɗan ƙaramin wurin ajiya, abin da tun 1979 ba a san yadda ake yi ba sai ta yawon kan-mai-uwa-da-wabi.

Akwai dai wadda ta ƙi faɗuwa. A ba ka dogayen jimlolin aljabara biyu masu baka-baka da yawa, a ce ka faɗi ko ɗaya suke. Buɗe baka 100 masu abu biyu-biyu zai haifar da gutsattsari da yawansu ya kai lamba mai gida 31. Ta ƙuri'a kuwa wasan yara ne: zaɓi lambobi daga cikin miliyan, cusa su a jimlolin biyu, duba ko amsa ta zo ɗaya. Idan jimlolin sun bambanta, dacewarsu bisa tsautsayi ba ta wuce sau ɗaya cikin 10,000 ba. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka san wannan, kuma har yau babu wanda ya samo hanya mai sauri da ba ta ƙuri'a ba. A 2003 Valentine Kabanets da Impagliazzo suka gano dalilin taurin kan: duk wanda ya samo ta, ya tabbatar ke nan da cewa wasu matsaloli suna da wuyar gaske, hujjar da ta gagari kowa shekara da shekaru. Wato dai ana kyautata zaton P daidai yake da BPP, amma zato ne, ba a kafa hujja ba.

Kuma kada a ɗauka masu rubuta manhaja sun yi watsi da ƙuri'a saboda waɗannan sakamako. Hanyar Kanpur ta fi ta Rabin nauyi ƙwarai, don haka bankuna da wayoyi har gobe shaidun Rabin suke kira.

Inda babu makawa

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi sauri ne. Matsalar lissafi ba ta da wayo, ba ta leƙen abin da kake yi ta canza shiri. Mutum kuwa yana yi. Mai sayen hatsin nan, da a ce kullum bakin buhu na uku yake sokawa, mako guda ya isa mai algus ya gane, ya zuba mai kyau a nan. Kariyarsa ita ce shi kansa bai san inda zai soka ba sai ya zo.

Mabuɗin sirri haka yake. Tsarin kulle saƙo a bayyane yake ga kowa, har ɓarawo. Abin da ɓarawo bai sani ba kawai shi ne lambar da na'urarka ta zaɓa. Idan lissafi tsantsa ne ya fitar da ita, shi ma zai yi lissafin ya fitar. A nan babu wata hujjar Wigderson da za ta cece ka.

An sha ganin haka a aikace. A 1995 ɗalibai biyu a jami'ar Berkeley, Ian Goldberg da David Wagner, suka gano cewa manhajar shiga intanet ta Netscape tana haɗa mabuɗanta ne daga agogon kwamfuta da wasu lambobin aiki biyu masu sauƙin canka, suka riƙa fasa su cikin ƙanƙanin lokaci. A 2006 wani mai gyara a tsarin Debian ya cire layukan da ya ga kamar ba su da amfani a manhajar tsaro. Ashe su ne ke zuba ƙuri'a. Kusan shekara biyu, duk mabuɗin da aka yi da tsarin yana fitowa ne daga cikin kimanin 32,000 kacal na kowane nau'i, har Luciano Bello ya gano a 2008. A 2010 aka gano kamfanin Sony yana maimaita lamba ɗaya a wurin da ya kamata ya sake sabuwa duk lokacin da zai sa hannu a manhajar PlayStation 3, kuma da wannan aka zaro babban mabuɗinsa.

Rabon adalci ma yana nan. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da sanin rabo ta ƙuri'a: idan an daidaita kaso tsakanin masu haƙƙi, sai a jefa, don kada wani ya ce an zaɓar masa. Amfaninta duka yana ga cewa babu hannun kowa. Eddie Tipton, shugaban tsaron kwamfuta na ƙungiyar da ke gudanar da cacar lotiri ta jihohin Amurka, ya sa nasa hannun. Ya dasa 'yan layuka a na'urar fitar da lambobi, ta yadda a wasu ranaku uku na shekara lambobin za su fito daga ɗan ƙaramin rukunin da ya sani. Ya yi wannan maguɗi a jihohi biyar kafin asirinsa ya tonu kan wata kyauta ta dala miliyan 16.5 a Iowa, aka yanke masa ɗaurin da zai iya kai shekara 25 a 2017.

Akwai kuma wuri na uku, wanda babu maƙiyi a cikinsa. Wayoyi biyu a ɗaki ɗaya suka aika saƙo ta iska a lokaci guda, saƙonnin suka yi karo. Idan dokarsu ɗaya ce, kuma babu ƙuri'a, za su jira lokaci iri ɗaya su sake karo, su yi ta yi. Maganin da aka fara amfani da shi a tsarin ALOHAnet na jami'ar Hawaii a 1971 shi ne kowace ta jefa nata kwabon ta jira gwargwadon abin da ya fito. Wi-Fi ɗin yau a kan wannan yake tafiya.

Ɗan iri kaɗan

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda ɓangarorin biyu, ƙuri'ar gaske da ta bogi, suka haɗu a cikin na'ura ɗaya. Wayarka ba ta tara miliyoyin lambobin ƙuri'a na gaskiya. Ɗan kaɗan take nema, kwatankwacin jefa kwabo sau 256, daga hayaniyar lantarki da ke cikinta da tazarar lokaci tsakanin abubuwan da ke faruwa a jikinta. Wannan shi ne iri. Daga shi sai ta miƙar da dogon jeri na bogi ta hanyar lissafi mai wuyar warwarewa, jerin da duk kwamfutocin duniya ba za su iya bambanta shi da na gaske ba. Kamfanin Cloudflare, a ofishinsa na San Francisco, yana ƙara wa nasa irin da hoton bango mai fitilu kusan ɗari masu narkakken kakin da ke hawa da sauka.

Haɗarin yana lokacin da irin bai taru ba. A 2012 Nadia Heninger da abokan aikinta uku suka bi intanet kaf suna tattara mabuɗan da na'urori ke nunawa a fili, suka kwatanta su da juna. Suka iya zaro mabuɗan sirri na na'urori kimanin 64,000. Yawancinsu ƙananan akwatunan rarraba intanet ne da makamantansu, irin waɗanda ke ofisoshi da gidaje. Ba su da allon rubutu, ba su da mai taɓa su, kuma suna yin mabuɗinsu ne a daƙiƙun farko na ranar da aka fara kunna su, lokacin da babu abin da ya faru tukuna da zai bambanta wannan akwati da ɗan'uwansa da suka fito masana'anta ɗaya. Sai dubbai suka zaɓi lamba gagara-raba iri ɗaya. A 2014 tsarin Linux ya ƙara sabuwar hanyar neman lambobin ƙuri'a, wadda idan na'ura ta tashi ta nema alhali irin bai cika ba, sai a sa ta jira.